Turmin Gambi da Turmin Yamai

Shekaranjiya ma sai da na bar gidan biki ban ci komai ba saboda waƙar nan. An ajiye mini dambu a gaba, na wanke hannu ke nan, sai mai kiɗan lasifika ya sako ta. Kun san ta ai, waƙar daka ta 'yan Yamai, mai fiyano da muryar yarinya zaƙi cau. Mata suka miƙe suna rausaya, wata har da dafe ƙirji tana cewa, "Allah sarki, waƙar iyayenmu." Na jawo takalmina na fita. An ce Jamma ta tsufa ta fara rigima. To na ji, na fara. Amma mai waƙar nan katanga ɗaya ce ta raba ni da ita shekara talatin da huɗu a nan Tinnikwara, kuma abin da ake sakawa a gidajen biki ba shi ta bari ba.

Gambi sunanta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta in ta gaisa da ke sai kin duba naki ko ya kuje. Murya kuwa Allah bai ba ta mai daɗi ba, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Baƙon da ya sauka gidana in ya ji ta da safe sai ya ce, "Da wa maƙwabciyarki ke faɗa?" In ce ba faɗa ba ne, waƙa take.

Uwarta ta rasu a shekarar yunwa tana 'yar shekara bakwai, gwaggonta Dommo ta ɗauke ta. Dommo ce ta damƙa mata taɓarya tun tana taka dutse kafin ta kai bakin turmi. Ta auri Hima mai amalanken jaki, wanda ke jigilar kanwa daga fadama zuwa Birnin Gaure, mutumin kirki amma bai yi tsawon rai ba. Ya bar ta da ɗa guda, Sadu. Da dakau ta raine shi. Gidan suna, gidan biki, gidan mutuwa, duk inda hatsi ya fi ƙarfin matan gida sai a aika a kira Gambi. Sadu ya girma ya tafi nema Kwatano, zazzaɓi ya ɗauke shi a can, matarsa ta yi wani aure, aka kawo wa Gambi jikarta Zalika tana tatata. Rayuwarta ke nan a taƙaice, sauran duk a bakin turmi aka yi shi.

Waƙar dakan garinmu ba irin wadda za ki naɗe ƙafa ki rera ba ce, hatsi ne ke jan ta. Lokacin sussuka, zangarniya na ƙara a turmi, ƙaiƙayi na tashi, da sauri take tafiya kuma duk zambo ne: mijin da ya je kasuwa sayen akuya ya dawo da hula, surukar da ke leƙa tukunya, malamin da ya fi son yin addu'a a gidan da ake suya. A nan ne ake cilla taɓarya sama a tafa a cafe. In an zo surfe an yayyafa ruwa, sai ta lafa, ta koma ta 'ya'yan da suka tafi ci-rani ba aike ba saƙo. Sai an wanke, an tsane, an dawo dakan gari, hatsin ya mutu, turmin ya daina ƙara ya koma wani dum-dum ƙasa-ƙasa, sannan ake kiran sunaye.

Sunayen matan da suka riƙe waƙar ne kafin ita, su ashirin da shida, daga wadda ta fara har zuwa Dommo. A kira suna, a sauke taɓarya, sauran mata su amsa da "Allah ya sanyaya makwancinta," a wuce na gaba. In mai riƙe da waƙar ta rasu, wadda ta gada ce za ta ƙara sunanta a ƙarshe, ranar dakan gumbar sadakar bakwai. Akwai kuma ƙa'ida, wadda Gambi ba ta wasa da ita: ba a kiran sunayen nan sai da taɓarya a hannu da hatsi a turmi, hatsin kuma wanda aka faro tun daga zangarniya. Ba a faɗarsu a zaune, ba a faɗarsu a hira. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Matan nan ba su taɓa zama ba, Jamma. Yaya zan kira su ina zaune?"

Ni kam amshi kawai na sani. Shekaru ina cewa Allah ya sanyaya makwancinta, hankalina na kan zogalen da na ɗora a wuta, don kwaɗo nake sayarwa a bakin hanya. Da za a sa mini wuƙa a wuya, sunaye biyar zan iya kawowa, su ma ba a jere ba. Na ɗauka kullum Gambi tana nan.

Tana da wata 'yar rediyo da Sadu ya aiko mata. Ran Juma'a in aka sako tsofaffin masu molo, irin waɗanda ake jin tarinsu da kukan jaki a bayansu, ko wuta ce ta kama ba za ta tashi ba. Amma da an sako sabon yayi, wanda aka wanke aka goge aka ɗora masa fiyano, sai ta murɗe ta kashe. Ta kan ce, "In ban ji mai waƙa yana jan numfashi ba, ban yarda mutum ne ba." In ce mata ai yanzu gyara ake yi. Ta ce, "Me ya lalace da za a gyara?"

Injin niƙa ya zo garinmu, mata suka yi masa caa, har da ni, ba zan ɓoye ba. Bayana ya gaji. Duk ranar da Gambi ta gan ni da ƙwarya a ka na nufi injin sai ta leƙo ta katanga.

"Mai zogale, za a je gaida sabon miji?"

"Shi dai ba ya sa ni ciwon baya."

"Ki ce ina gaishe shi. Ki tambaye shi sunan kakarsa."

Dakau ya mutu. Ta koma saƙar faifai tana sayarwa, amma hatsin da za ta ci ba ta taɓa kai shi inji ba. Masu taya ta lugude suka yi ta raguwa, wasu mutuwa, wasu ciwon gwiwa, har ya zama ita kaɗai take daka, ni ina amsa mata ta bayan katanga. Duk begenta ya tattara a kan Zalika. Ba ta ɓoye ba, ta sha faɗa mini: "Ba na tsoron mutuwa, Jamma. Tsorona a kai ni rami ba wanda zai kira ni, in tafi da mata ashirin da shida a baki."

Zalika kuwa Allah ya ba ta muryar da ya hana kakarta. Ta yi makaranta a Birnin Gaure, ta iya sussuka da surfe da waƙoƙinsu, amma da an zo dakan gari sai hannu ya yi ciwo, ko ƙawa ta yi sallama. Tana shekara ashirin ta tafi Yamai koyon ɗinki, can ta faɗa wata ƙungiyar raya waƙoƙin gargajiya. Ba a yi shekara ba sai ga ta a mota da shugaban ƙungiyar, wani Sumana, mai tabarau da ladabi. Ba zan yi masa ƙarya ba, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Gambi, ya kawo goro da turmin atamfa.

Ya ce, "Iya, waƙoƙinmu suna mutuwa. Mu so muke mu tashe su, yara su ji, duniya ta ji."

Gambi ta ce, "Tawa ba ta mutu ba, ɗana. Da safen nan na yi ta."

Duk da haka ta ji daɗi, na gani a fuskarta. Ta ɗauko zangarniya ta yi masa sussuka da surfe, ya kafa na'urarsa ya ɗauka. Da aka zo dakan gari sai ta tsaya ta ce ya kashe abin nan. Ya yi magiya, ta ce matattu ba sa shiga akwati. Ya kashe, ta kira sunayenta, shi yana duba agogo a fakaice. Da ta gama ya ce ai wannan ɓangaren dama ya yi tsawo, rediyo minti huɗu take so.

Bayan damina aka aiko mana mota, wai za a yi babban taro a Dosso, a karrama Gambi. Muka ci ado muka tafi. Aka zaunar da mu a kujerun gaba ƙarƙashin rumfa, rana tsaka, aka ba mu lemo mai sanyi. Sai ga 'yan mata takwas sun fito da anko, Zalika a gaba, kowace da ɗan turmi a hannu ɗaya, an shafe shi da fenti yana ƙyalli. Tun daga nan na ji Gambi ta gyara zama. Turmin da yarinya za ta ɗauka da hannu guda ai ba turmi ba ne.

Fiyano ya tashi, ganga ta tashi daga cikin na'ura, suka fara. Zambon suka ɗauka, na mijin nan mai hula, suka haɗa da baiti biyu na 'yan ci-rani, duk a gudu ɗaya, ba inda ta lafa ba inda ta tashi. Suna cilla taɓarya suna murmushi, ba gumi ba nishi. Nishin nan da mai daka ke yi duk saukar taɓarya, wanda shi ne ƙashin bayan waƙar, an cire shi kaf. Jama'a suka yi ta tafi. Gaskiya muryar Zalika ta yi daɗi, har ni na so in tafa, sai na dubi Gambi na mayar da hannuna cinya.

Aka kira ta ta hau dandamali ta karɓi takardar yabo. Ta hau, ta wuce Sumana da hannunsa a miƙe, ta je ta leƙa turmin Zalika. Ta sa hannu ta shafo ciki, ta duba tafinta. Ta leƙa na biyu, ta leƙa na uku. Abin magana yana kusa, kowa ya ji ta.

"Ina hatsin?"

Sumana ya yi 'yar dariya ya ce, "Iya, ai kwaikwayo ne. Hatsi zai ɓata wuri, ƙaiƙayi ya shiga idon yara."

"Turmi ba komai kuke daka? A garinmu sai shekarar yunwa aka yi haka, don yara su ji ƙara su yi shiru su ɗauka abinci na zuwa. Uwata ta yi mini. Shi kuke yi wa rawa?"

Wani ya yi maza ya sako kiɗa, aka riƙo hannunta aka sauko da ita. Takardar yabon ni na karɓo, tana nan ƙarƙashin katifata har yau. A mota, da muka wuce Birnin Gaure, sai ta ce lemon nan ya ɓata mata ciki.

Waƙar kuwa ta karɓu. Rediyo, tasha, wayar kowane ɗan kabu-kabu, har mai injin niƙa ita yake sakawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, 'yan matan garinmu, jikokin matan da ke cikin sunayen, suka koma rera ta irin ta Yamai. Wata ta taɓa tsayawa ta gyara wa Gambi baiti, wai ba haka yake ba.

Da ƙaramar salla Zalika ta zo gida da littafi da biro. Ina tsakar gidan ina tsinke zogale, a gabana aka yi.

"Tsohuwa, na san na ɓata miki. Faɗa mini sunayen in rubuta, in haddace, shi ke nan kin huta."

"Ga taɓarya can."

"Jibi zan koma, ina da wasa. In hannuna ya yi kanta yaya zan yi? To bari in ɗauka a waya."

"Ga taɓarya can, 'yar nema. Ga zangarniya a rumbu."

"Wallahi kin cika taurin kai. In kika mutu da su fa?"

"Sai ki yi musu fiyano."

Na sa baki na ce, "Gambi, don Allah ki faɗa mata. Takarda ba ta mantuwa." Ta juyo ta ce ni in ji da sabon mijina, injin niƙa. Na juya kan Zalika na ce yini ɗaya ne fa, hannun ba na ƙwai ba ne. Ita ma ta ce Inna Jamma ba za ki gane ba. Na kwashi zogalena na bar musu gidan, kowace ta kama gabanta tana ganin ita ke da gaskiya. Haka aka yi shekara uku, yarinya tana aiko da sabulu da shinkafa, tsohuwa tana karɓa tana cewa a tambaye ta ko hannun ya warke.

Wata Talata da hantsi na ji daka ya tsaya a tsakiyar surfe. Gambi ba ta tsayawa a tsakiyar surfe. Na zagaya na same ta a ƙasa, taɓarya a gefe, kaji sun hau turmin. A asibitin Birnin Gaure aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aka dawo da ita hannun dama ya mutu, ƙafa tana ja, baki ya karkace, magana sai kin kasa kunne. Hankalinta kuwa garau, kuma wannan ne abin takaicin. Sunayen suna nan a bakinta, ga shi ba ta iya ɗaga taɓarya, ita kuma ba za ta faɗe su a kwance ba.

Na buga wa Zalika waya na faɗa mata maganar da ba zan maimaita a nan ba. Washegari ta iso, ba littafi ba biro. Ta durƙusa a gaban gadon ta ce, "Kaka, ni zan daka. A fitar da ke, ki dafa taɓaryar da hannun hagu, ni in ɗaga. Ya halatta?" Gambi ta ce ya halatta, in dai a tsaye ne.

Aka sa ranar Alhamis. A nan ne na yi abin da har in mutu ba zan daina jin haushin kaina ba. Na duba na ga tsohuwar nan ba za ta iya tsayuwa tun daga sussuka har gari ba, yarinyar nan kuma hannunta ya saba da taɓaryar wasa. Sai na ce bari in taimaka. Da sassafe na kai gero inji aka ɓarza mini, na juye a turmi, na watsa ɗan tsaki da dusa a sama don ido. Na ce wa Zalika ta yi shiru, mu ce mun faro tun asuba kafin ta farka. Ta ce to.

Muka tallafo Gambi, ni ta dama, Zalika ta hagu, muka jingine ta da bishiyar darbejiya kusa da turmin. Ta ɗora hannu a kan taɓarya. Zalika ta sauke sau biyu. Gambi ta ce a tsaya. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗebo garin ta shinshina, ta murza, ta ɗan lasa. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba jikarta ba, ni.

"Ƙarfe," in ji ta. "Warin mai."

"Gambi, don ƙafarki na yi."

"Ke ma, Jamma?"

Ta ce a mayar da ita ɗaki. Ta juya fuska bango, kwana huɗu ba ta yi mini magana ba, fura ma sai in Zalika ce ta dama. Na zauna a bakin ƙofarta ina zaginta a zuci ina zagin kaina. Kwana huɗu, a jikin da kullum ƙara sauka yake. Na yi kuka na gaji, na koma masifa, na ce mata ta ji tsoron Allah, matan nan ashirin da shida ba su yi mata laifin komai ba.

Ran Litinin Zalika ta hau rumbu da kanta ta sauko da dami. Ta jawo babban turmin har ƙofar ɗakin inda kakarta za ta ji kowace saukar taɓarya, ta fara sussuka tun rana ba ta yi zafi ba. Na zo zan kama mata, murya ta fito daga ɗaki: "Ban da mai inji." Na koma na zauna, raina fes duk da haka, don ta yi magana.

Yarinyar nan ta sha wuya. Kafin ta gama sussuka tafinta ya yi ruwa, a surfe ya fashe, ta yaga gefen ɗankwali ta naɗe. Tana rerawa da muryar nan tata ta Yamai, daga ɗaki ana cewa, "Bar yanga. Ba saurayi a nan." Can da gajiya ta ci ƙarfinta, numfashi ya fara fita da kansa duk saukar taɓarya, sai ɗakin ya yi shiru. Sai bayan azahar hatsin ya mutu, turmin ya sauke murya. Muka fito da Gambi muka jingine ta, na tokare ta da kafaɗata.

Ta ɗora hannun hagu ƙasan na jikarta. Ta kira na farko, harshen ya yi nauyi, sai da ta maimaita sau uku kafin Zalika ta kama. Taɓarya ta sauka, na amsa. Kaidiya, Mintu 'yar masunta, Sofi mai ido ɗaya, Bibata babba, haka muka yi ta tafiya a hankali, kowane suna sai Zalika ta mayar mata ta gyaɗa kai. Ina jin jikinta yana rawa a jikina, gumi yana bin wuyanta. A na goma sha bakwai ƙafar ta ƙi. Ta sulale, muka tare ta.

Zalika ta ce, "Kaka, saura tara. Faɗe su a zaune, don Allah, ba wanda zai ji sai mu."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Gobe. Sabon dami."

Na buɗe baki zan yi magana, na tuna da garin inji, na rufe. A daren nan ciwon ya sake bugunta, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Ta kwana biyu tana kallonmu, leɓenta na motsi ba sauti, ran Alhamis da hantsi ta cika. Da ban yi wayona ba, kwana huɗun nan da sun ishe mu mu gama har mu maimaita. Na bi tsofaffin garin gida-gida ko akwai mai tuna sauran, kowace ta ce mini ita amshi kawai ta sani. Biyar ɗin da ni na sani kuwa duk suna cikin waɗanda aka riga aka samu, sai Dommo ta ƙarshe, wadda kowa ya sani. Zalika ta ce ko Dommo ba za ta kira ba sai a wurinta, kuma wurinta yana bayan takwas ɗin da suka ɓace.

Ranar sadakar bakwai mata suka haɗa gero za su kai inji don gumba. Zalika ta ce a ajiye. Sumana ma ya zo gaisuwa, ya kawo shawarar a sa waƙar a lasifika don girmama marigayiya, na dube shi sau ɗaya ya je ya zauna cikin maza. Yarinyar ta faro daga zangarniya, hannu naɗe da tsumma, mata biyu suka tuna da ƙuruciya suka kama mata lugude. Da aka zo gari muryarta ta dushe ta yi kaushi, ba daɗi ko kaɗan, har na ɗaga kai na dubi katanga, kamar Gambi ce ke yi.

Ta kira goma sha bakwai, muna amsawa. Sai ta yi shiru, ta ɗaga taɓarya ta sauke ba suna. Mata suka dubi juna. Ni na gane, na ce, "Allah ya sanyaya makwancinta." Ta sake saukewa ba suna, wannan karon duk muka amsa. Sau takwas tana dakan shiru muna yi wa matan da ba mu san sunansu ba addu'a. Sannan ta kira Dommo. Ta tsaya ta share fuska da gefen tsumman, ta ɗaga taɓaryar sama sosai, ta ce, "Gambi."

Ban iya amsawa ba, sauran mata ne suka amsa.